Murmushin Kan Lilo

Likita dai cewa ya yi a riƙa fita da yarinyar tana shan iska. Ya ɗora abin awo a ƙirjinta, ya saurara, ya ce asma ce amma mai sauƙi: a raba ta da hayaƙi da ƙura, kullum da yamma a kai ta inda akwai bishiyoyi ta yi tsalle-tsallenta. Iya mai raino tana tsaye bayan kujera riƙe da jakar yarinyar, da kunnenta ta ji. Ta kuma ji sa'ad da uban ya juyo ya ce, "Iya, kin ji ko? Wannan aikinki ne." Ta ce ta ji.

Kumatu ake ce wa yarinyar, kuma wanda ya gan ta a lokacin ba sai ya tambayi dalili ba. Ba ta cika shekara uku ba, ga surutu, ga ƙiriniya. Tun tana tsumma take hannun Iya, domin uwar aikin ofis take yi, uban kuwa injiniya ne mai aikin hanya a can nesa, sai ƙarshen mako ake ganinsa. Kafin ya koma a wannan makon ya sayo wa Iya 'yar waya mai ɗaukar hoto, ya nuna mata inda za ta danna. Ya ce kullum in sun je filin wasa ta ɗauki Kumatu a kan lilo, mamanta ta tura masa, hankalinsa ya kwanta.

Makonnin farko kam sai hamdala. Filin wasan ba nisa, akwai inuwa, akwai yashi, akwai wani dattijo mai gadin ƙofa da ba ya rabo da rediyo. Kumatu ta yi ta lilo har sai Iya ta ce hannuna ya gaji. Tarin ya ragu, barci ya daidaita.

Sai ranar da maman Kumatu ta fito daga ɗaki da leda a hannu.

Ban da aikin ofis tana sayar da takalma da jakunkuna ta waya, akwai wani mai babur da ke kai wa masu saye. Ta ce, "Iya, tunda za ku fita, ɗan miƙa wannan a gidan nan mai koren ƙofa. A hanyarku yake."

Ba a hanyarsu yake ba, amma ba nisa can. Iya ta goya Kumatu ta je. Matar gidan ta gwada takalmin, ta yatsine fuska, ta ce ba kalar da ta gani a waya ba ce. Ta ɗaga kai za ta mayar, sai ta ga dattijuwa tana gumi, ga yarinya a baya tana leƙo ta. Ta yi tsaki ta ce, "Bar shi kawai, Iya. Don wahalarki."

Da Iya ta ba da labarin a gida, don a yi dariya ta ba da shi. An kuwa yi dariyar. Amma maman Kumatu ta daɗe tana kallon ta bayan dariyar ta ƙare, irin kallon wanda ya tsinci abu a ƙasa. Kafin mako ya zagayo ta sallami mai babur. Ta ce ɗan banza ne, kullum sai ya dawo mata da kaya, ga tsada. Iya ta ji ta a waya tana faɗa wa ƙawarta, "Ke, wa zai mayar wa tsohuwa mai goyo da kaya? Ai tun da na fara aiken ta ko ɗaya bai dawo ba."

Daga nan "tunda za ku fita" ta zama sallamar kowace rana. Leda ɗaya ta zama biyu, biyu ta koma babbar jaka mai zif. Gidan da ke kusa ya koma unguwar da sai an hau bas, a sauka, a sake hawa wata. Amma hoto yana nan daram, uba yana jira. Don haka sai a fara biyawa filin wasa. Iya ta ajiye jaka a gindin bishiya, ta kwance goyo, ta ɗora Kumatu a kan lilo, ta ja baya ta ɗaga waya daidai fuskarta.

"Yi murmushi, Kumatuna. Murmushi wa Baba."

Ta danna, ta sauke ta.

Kwanakin farko ihu Kumatu ke yi, ta ƙanƙame sarƙar lilon da hannu biyu, sai Iya ta ɓamɓare yatsunta ɗai-ɗai tana rarrashi, gobe za ki yi mai yawa, gobe wallahi. Ita kanta Iya ta san goben nan ba ta da ranar zuwa. Mai gadi ya rage muryar rediyonsa yana kallon su. Ya ce, "Iya, ku dai gaisuwa kuke zuwa yi wa lilon nan." Ta yi yaƙe ta wuce, gwiwarta na ƙara a kowane taku.

Yaro ba ya daɗewa bai koyi abin da ake so da shi ba. A hankali ihun ya ragu, ya koma shessheƙa, ya ɗauke. Kumatu ta gane cewa in ta yi murmushin da wuri ba a ɓamɓarar yatsunta. Wannan ya fi ihun ci wa Iya rai.

Sannan su faɗa gari. Su tsaya bakin titi jiran bas, motoci na feso musu hayaƙi daidai tsayin fuskar yarinyar. Su matsu a kujerar baya, jaka a cinya, Kumatu a kan jaka. Su hau bene hawa uku su tarar mai kayan ba ta nan, a ce su jira. Su ratsa layin masu walda, su ratsa bayan kasuwa inda ake ƙona bola. Iya ta riƙa jan gefen mayafinta tana rufe wa yarinyar hanci, Kumatu na turewa saboda zafi. Kafin su dawo gida rana ta faɗi, idon yarinyar ya yi ja, ko abinci ba ta iya ci sai barci.

Tarin ya dawo, kuma da ƙarfinsa ya dawo. In Kumatu ta kwanta a bayan Iya, Iya tana jin ƙirjin yana fito a tsakanin kafaɗunta, siriri, kamar kukan 'yar kyanwa. Abin shaƙar da likita ya ce sai in ta kama, ya zama na kullum. Kumatun da aka sa mata suna dominsu suka fara zubewa.

Iya ba ta iya zama wuri ɗaya. Tana wanki ta tashi ta leƙa yarinyar, tana cin abinci ta ajiye ta je ta kara kunne a ƙirjinta. Wata safiya ta yi ta maza, ta tsaya ƙofar ɗaki uwar na ɗaura agogo.

"Maman Kumatu, yawon nan yana ba yarinyar nan wahala. Ko dai in riƙa kai kayan ni kaɗai, a bar ta gidan maƙwabta?"

"A bar ta wa? Iya, raino na ɗauke ki ko kai saƙo? In babanta ya ji 'yarsa tana gidan mutane me zan ce masa?"

"To a bar kayan."

Uwar ta juyo. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba mai faɗa ba ce, da taushi take yanka. "Kin san nawa maganin nan nata yake? Kin san kuɗin makarantar da za mu sa ta? Duk don wa nake wannan wahalar in ba don ita ba? Kuma likita cewa ya yi a fita da ita. Ba fita kuke yi ba? Iskar titi ba iska ba ce?" Ta ɗauki makullin mota. "Sanyi ne kawai ya kama ta. Ki daina yi mata wanka da sassafe."

Iya ba ta taɓa yi mata wanka da sassafe ba, amma ta ce to.

Ranar Asabar uban ya zo. Ya ɗaga 'yarsa sama, ya ce kai, ta rame. Uwar ta ce tsayi take yi. Iya ta yi ta kai-kawo a falo, ta goge teburin da ta riga ta goge, maganar na bakinta kamar garwashi. Da ta samu ya rage shi kaɗai ta ce, "Baban Kumatu, fitar nan da muke yi..."

"Ai ina gani, Iya, Allah ya saka da alheri." Ya juyo mata da wayarsa, ga Kumatu a kan lilo, ga ta kuma, ga ta kuma, duk haƙora a waje. "In na gaji a wurin aiki su nake kallo."

Sai ga uwar ta shigo da tire. Ta dubi Iya, ta dubi mijin, ta ce, "Iya, kamar na ji ƙauri a kicin." Ba abin da ke kan wuta. Iya ta tafi kicin ta tsaya. Ta san in ta buɗe baki, kafin Litinin an haɗa mata kayanta, kuma jakar ba za ta zauna a gida ba, wata za a ba. Wata da ba ta san yadda ƙirjin yarinyar ke yi kafin ya toshe ba. Wannan tsoron ne ya ɗinke mata baki, ba na rasa aiki ba, ko da yake shi ma yana nan.

Ciniki ya buɗe. Sai maman Kumatu ta lura biyawa filin wasa na cinye lokaci, masu saye na ƙorafin ana makara. Ta zauna ta yi lissafinta, ta samo dabara. Ranar Litinin ta zuba rigunan Kumatu kala-kala a leda ta ba Iya.

"Yau ki ɗauki na mako gaba ɗaya. Ki sa mata wannan ki ɗauka, ki cire ki sa wannan. Ni zan riƙa tura masa ɗai-ɗai daga ofis. Kin ga kin huta da zagaye, ga gwiwarki."

Har da gwiwarta aka tausaya wa.

Haka aka yi. A bayan bishiya Iya ta riƙa tuɓe yarinyar tana sa mata wata, ta ɗora ta, murmushi, ta danna, ta sauke. Ja, shuɗiya, mai furanni, mai ɗigo-ɗigo. Kumatu ta koyi ɗaga hannu da kanta a cire mata riga. Yara na ta guje-guje a yashi kewaye da ita, ba ta ko kallon su. Mai gadi wannan karon bai yi zolaya ba. Ya kashe rediyon ya kau da kai, Iya kuwa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ranar Alhamis ɗin wani mako aka aike su can ƙarshen gari, bayan masana'antu. A dawowa bas ta maƙale a cunkoso, gaba babbar mota, baya babbar mota, kowace na aman baƙin hayaƙi. Tagar gefensu ba ta rufuwa. Kumatu ta fara tari, ta yi ta yi, sai tarin ya ɗauke, ya bar fiton kawai. Iya ta juyo da ita. Ramin wuyanta na lotsawa ciki da kowane numfashi, leɓenta ya canza launi. Ta laluba jaka, takalma suka zubo ƙasa, ta samo abin shaƙa ta fesa, ta sake fesawa. Bai yi ba.

"Ku taimake ni, 'yar mutane ce," ta ce.

Wata mata ta buga jikin motar, kwandasta ya buɗe ƙofa, wani mai babur ya ratsa da su tsakanin motoci har asibitin da ke kusa. Iya ba ta san yadda ta riƙe yarinyar da jakar gaba ɗaya ba, amma da aka karɓi Kumatu aka sa mata abin numfashi, sai ta ga jakar na rataye a kafaɗarta.

Uwar ta iso a gigice, ba ko mayafi. Ta faɗa kan gadon tana kuka, kuma kukan gaske ne, kada a ɗauki alhakinta a nan. Da aka ce yarinyar ta tsallake, ta fito baranda ta share ido. Ta zare jakar daga kafaɗar Iya ta kai but ɗin mota ta kulle. Ta dawo ta kama hannun Iya da hannu biyu.

"Iya, ki rufa min asiri. Aurena ne. Ki bari ya huce, ni zan gyara komai. Ba inda za ki."

Da safe uban ya iso, ko takalmin aiki bai cire ba. Ya daɗe tsaye kan 'yarsa. Sannan ya fito da waya ya nuna wa Iya. Kumatu ce a kan lilo, cikin riga mai ɗigo-ɗigo.

"Jiya da yamma aka turo min wannan. Daga filin wasa me ya kai ku bayan masana'antu?"

Iya ta dubi uwar. Tana zaune riƙe da hannun yarinyar, kanta a ƙasa. Ba tare da ta ɗago ba ta ce, "Ni ma abin da nake tambayar ta ke nan. Wai tana da 'yan uwa a can."

Iya ba ta da kowa a can. Ta buɗe baki, ta ga idon Kumatu a kanta ta saman abin numfashin, ta tuna an ce ba inda za ta. Ta rufe.

Ba a gyara komai ba. 'Yan uwa suka zo dubiya, kowa ya tofa albarkacin bakinsa: masu aikin yanzu ba amana, a ba su yaro su yi yawon gidajen dangi da shi. Uwar na zuba musu ruwa tana cewa, "Ai ni ban taɓa zato ba." Da aka sallamo Kumatu, uban ya ce Iya ta haɗa kayanta. Ya ce ba zai wulaƙanta ta ba saboda daɗewa, shi da kansa zai kai ta tasha. Iya ta ajiye wayar da ya saya mata a kan tebur. Kumatu ta ƙanƙame zaninta tana ihu, ƙirjin ya fara fito, dole aka sa ta a motar.

Hanyar tasha ta gaban filin wasa take bi. Yarinyar ba ta daina kuka ba, sai uban ya taka birki ya ce bari ta ɗan yi wasa ko ta yi shiru. Mai gadi ya miƙe da ya ga Iya, ya dubi ƙullin kayanta a kujerar baya, ya koma ya zauna.

Kumatu ta tafi kai tsaye wurin lilo. Uban ya ɗora ta. Ta kama sarƙa, ta gyara zama, ta share hawaye da kafaɗa, ta washe haƙora. Ta tsaya a haka.

Ya zagaya baya ya tura lilon. Ta firgita ta ce, "A'a, Baba. Hoto."

Ya dawo gabanta. Murmushin na nan, kumatun na rawa don gajiya, tana jira. Ya rasa yadda zai yi, ya ɗaga waya ya danna. Nan take fuskar ta koma yadda take. Ta zame ta sauka da kanta, ta nufi bayan bishiya, ta ɗaga hannu biyu sama.

"Iya, wata riga."

Ba wanda ya motsa. Da ta ga ba riga, ta zo ta bayan Iya ta kama zaninta tana ƙoƙarin hawa. "To mu je kai kaya."

"Iya," in ji uban, a hankali, "wane kaya?"

Ta faɗa masa. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, ba ta zagi kowa ba. Yana ji yana jan hotunan da yatsa. Ja, shuɗiya, mai furanni. A bayan kowanne ga mata ɗaya zaune a benci ɗaya, da jaririnta, da lemarta a buɗe. Ya daɗe a kan wannan. Iya ta ga ya gane, ya gane sarai, sai wani abu mai kama da sauƙi ya fara sauko mata a ƙirji.

Wayar ta yi ƙara a hannunsa. Matarsa ce, muryarta na fitowa har inda Iya take. Ta ce sabuwar mai rainon ta iso, yarinya ce ƙaƙƙarfa, ba ruwanta da ciwon gwiwa, ya yi sauri ya dawo ya gan ta. Ya ce to. Ya kashe. Ya shafa fuska da tafin hannu, ya dubi bishiyoyi, ya dubi takalminsa.

"Iya, kin san zaman gida sai da kau da kai. Na riga na yanke magana a gaban mutane. In na koma da ke yanzu, me zan ce musu game da ita? Uwar 'yata ce." Ya sa wayar a aljihu. "Zan yi mata magana."

Iya ta daɗe a gidajen mutane, ta san nauyin irin wannan maganar. Ranar Lahadi zai koma bakin aiki, hotuna za su ci gaba da zuwa masa, kuma zai ci gaba da kallon su in ya gaji.

Ta ce, "To don Allah a faɗa wa wadda ta zo. Abin shaƙar a ƙaramin aljihun jaka yake, kada ta sa shi ƙarƙashin takalma. In za su bi layin masu walda ta jiƙa gefen mayafi ta rufe mata hanci. A bas kada su zauna baya. In ta ji tarin ya ɗauke, ba sauƙi ba ne, ta sauka ko ina ne."

Bai ce ba za a sake aiken kowa ba. Abin da ta tsaya jira ke nan, ta ba shi lokaci ya faɗa. Ya ce, "Shiga mota, Iya, kada ki rasa motar yamma."

A tasha ta samu kujerar taga. Yana tsaye a waje, Kumatu a kafaɗarsa tana miƙo hannu tana kiran Iya, kukan na sarƙe mata a ƙirji. Direba ya tayar da mota, hayaƙi ya turnuƙe inda suke tsaye, uban bai ko matsa ba. Iya ta so ta ce masa ya ja baya da ita, gilashin ya ƙi zugewa. Sai ta ɗaga hannu daidai fuskarta don ta yi mata sallama.

Kumatu ta ga hannun ya tashi. Ta haɗiye kukan, ta gyara kai, ta washe haƙora, hawaye na bin kumatunta. Ta tsaya a haka tana jira, har motar ta fita daga tasha.